Yadda Kamfanin Girgije Zai Sayi Talla da Ɗaukar Nauyi a Mujallun Sana'a

Hidimar girgije, wato hayar saba (manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai da tafiyar da manhajoji) da ma'ajiyar bayanai da manhajoji ta intanet maimakon kamfani ya saya ya girke a ofishinsa, kaya ne mai jinkirin ciniki. Kafin banki ya kwashe bayanan kwastomominsa ya damƙa wa wani, sai shugaban sashen fasaha ya gamsu, mai kula da tsaron bayanai ya bincika, akanta ya duba lissafi, lauya ya karanta yarjejeniya. Wata shida ko shekara na iya wucewa ba a sa hannu ba. Don haka abin da kuke saye a mujallar sana'a, wato wadda ake fitarwa don masu wata sana'a ta musamman, shi ne damar isa ga waɗannan mutum huɗu ko biyar na kowane kamfani, a kai a kai, har sunanku ya zauna musu. Shafi da allon talla da tambari a zauren taro duk hanyoyin isa gare su ne, kuma da wannan ma'auni za a auna kowannensu.

Mataki na farko: ku rubuta wanda kuke nema

Kafin ku kira kowace mujalla, ku rubuta a layi uku irin kamfanin da kuke so, girmansa, ƙasar da yake, da muƙamin wanda ke yanke shawara a cikinsa. Masu sayar da girgije ba iri ɗaya ba ne. Akwai manya irin su AWS na kamfanin Amazon da Microsoft Azure da Google Cloud. Akwai masu cibiyoyin adana bayanai a gida, kamar Rack Centre a Legas, da MDXi wadda ta koma hannun Equinix bayan ta sayi MainOne a 2022, da Galaxy Backbone ta gwamnatin tarayya mai cibiyoyi a Abuja da Kano. Akwai kuma dillalai da ke sayar da hidimar manyan su ƙara da aikin kaurar da bayanan kwastoma zuwa girgije da kulawa. Kowannensu da mai karatun da yake bukata.

Mujallun ma kashi-kashi ne. Na shugabannin fasaha, irin su CIO da Computerworld a Amurka, Computer Weekly a Ingila, Brainstorm a Afirka ta Kudu da CIO Africa a Kenya, suna kai ku ga mai saye. CRN ta dillalai ce, a nan ake tallan neman waɗanda za su sayar muku. DatacenterDynamics ta masu gina cibiyoyi da tafiyar da su ce. Sai kashin da masu girgije suka fi mantawa, wato mujallun sana'ar kwastoma kansa. Mujallar The Nigerian Banker ta ƙungiyar ma'aikatan banki CIBN da The Nigerian Accountant ta ƙungiyar akantoci ICAN suna shiga hannun mutanen da ke riƙe da kasafi, kuma a cikinsu tallanku ba ya gogayya da na abokan hamayya goma. Ƙaramin kamfani mai manhajar lissafi a girgije ya fi samun biyan bukata a nan fiye da mujallar fasaha tsantsa.

Ku kuma sani cewa kalmar mujalla a wannan harka ta wuce takarda. Computer Weekly ta daina bugu a takarda a 2011, InformationWeek a 2013, Computerworld a 2014. Abin da irinsu ke sayarwa yau shi ne shafin intanet, wasiƙar imel, taruka da sunayen masu karatu. Inda takarda ta rage, galibi a mujallun ƙungiyoyin sana'a da bugu na musamman da ake rabawa a taro, har yanzu tana da daraja, domin tana daɗewa a teburin mai ofis.

Mataki na biyu: ku nemi kundin talla

Kowace mujalla tana da kundin da take ba masu talla, 'yan harkar na ce masa midiya kit. A ciki ya kamata ku tarar da bayanin masu karatu, takardar farashi, jadawalin batutuwan shekara, ranar rufe karɓar oda, ranar rufe karɓar zane, da ƙa'idojin fayil. Ku duba shekarar da ke kansa. Kundin bara yana nufin farashi ya canja, alƙaluman kuma sun tsufa. Ku nemi bugu uku na baya-bayan nan ku ga su wa ke talla a ciki, su wa suka maimaita. Kamfanin da ya dawo bugu uku a jere akwai abin da ya gani.

Mataki na uku: ku tantance masu karatun

A nan ne aka fi asarar kuɗi, domin mafi yawan masu talla cinikin biri a sama suke yi. Alƙaluma uku ake cakuɗawa da gangan ko da kuskure: yawan kwafin da aka buga, yawan wanda ya isa hannun mutane, da yawan masu karatu da ake ƙiyastawa. Na ukun yakan fito ne daga ninka na biyun sau uku ko huɗu bisa zaton kowane kwafi yana zagayawa a ofis. Kada ku yi lissafi da shi. Na biyun ne abin dogaro.

Yawancin mujallun sana'a kyauta ake aika su ga waɗanda suka cika fom suka nuna muƙaminsu da kamfaninsu. Wannan ba aibu ba ne, hasali ma shi ne ƙarfinsu, idan rajistar tana da rai. Tambayoyin da za ku yi su ne: kashi nawa ne suka nemi mujallar da kansu, kashi nawa aka kwaso sunayensu daga wata rajista, kuma kashi nawa ne suka sabunta bayanansu cikin shekara ɗaya. Ma'aikatan fasaha suna yawan canja wurin aiki. Rajistar da ta shekara uku ba a taɓa ta ba cike take da mutanen da suka bar kujerunsu.

A ƙasashen waje akwai hukumomi masu zaman kansu da ke bincika waɗannan alƙaluma: ABC a Ingila da Afirka ta Kudu, da AAM a Amurka, wadda BPA Worldwide ta haɗe da ita a 2023. Idan mujalla ta ce an bincika ta, ku nemi takardar binciken ta baya-bayan nan ku karanta rabe-raben muƙamai da yankuna. Mujallun gida da yawa ba su da irin wannan takarda. A nan sai ku nemi abin da zai tsaya a madadinta: rasidin maɗaba'a mai nuna yawan kwafin bugu biyu na ƙarshe, da shaidar kamfanin da ya raba. Wanda ya buga abin da ya faɗa ba ya jin nauyin nuna rasidi.

A ɓangaren intanet kada ku karɓi hoton alƙaluma da aka liƙa a kundi. Ku ce a buɗe muku Google Analytics, manhajar ƙirga baƙin shafi, ko makamancinsa kuna gani, watanni uku na ƙarshe, a raba bisa ƙasa da kuma hanyar da masu karatu suka shigo. Shafin da ke da baƙi dubu ɗari biyar a wata amma mafi yawansu sun zo neman farashin waya ba shi da amfani ga mai sayar da saba. Wasiƙar imel kuma tana da nata tarkon. Tun Satumban 2021 da Apple ta fito da tsarin kare sirrin imel, manhajarta tana buɗe saƙonni da kanta ko mai akwatin bai duba ba, don haka adadin buɗewa ya kumbura. Ku tambayi yawan mutane daban-daban da suka danna mahaɗi a wasiƙa ɗaya. Shi ma ku tambaya ko an cire dannawar na'urorin tsaro, domin manyan kamfanoni suna da matatun da ke danna kowane mahaɗi don bincika shi kafin saƙo ya isa ga ma'aikaci.

Mataki na huɗu: ku yi lissafin kan mutum ɗaya

Mujallu suna kwatanta farashi da CPM, wato kuɗin isa ga mutum dubu. Ku sake lissafin da masu karatun da suka dace da layukan da kuka rubuta a matakin farko kawai. A misali, a ce mujalla ta ɗaya tana karɓar naira 1,200,000 a cikakken shafi, tana raba kwafi 10,000, amma 1,500 ne kaɗai ke da hannu a sayen kayan fasaha. Ta biyu tana karɓar naira 900,000, kwafinta 4,000, masu hannu a saye 2,400. A takarda ta ɗaya ta fi araha: naira 120,000 kan dubu, ta biyu 225,000. Amma kan mutumin da kuke nema, ta ɗaya naira 800 ce, ta biyu 375. Wannan lissafin minti goma ne, kuma shi ke raba mai saye da sani da mai bin suna.

Mataki na biyar: ku zaɓi irin tallan

Shafin takarda aikinsa kafa suna. Wuraren da suka fi tsada su ne bangon baya, sai cikin bangon gaba, sai cikin bangon baya, haka ma shafi biyu masu fuskantar juna. Shafin dama a kashi ɗaya bisa uku na farkon mujalla ya fi na hagu a can baya. Idan ba ku biya kuɗin wuri ba, inda suka ga dama za su sa ku. Ga ƙa'idar da ta fi duk waɗannan muhimmanci: rabin shafi sau shida ya fi cikakken shafi sau biyu ko bangon baya sau ɗaya. Wanda ba ya neman girgije a Maris zai iya fara nema a Oktoba, kuma sunan da ya riƙa gani ne zai sa a jerin waɗanda za a gayyata.

Allon talla na shafin intanet, mai girman fikzil 728×90 ko 300×250 ko 300×600 ko 970×250, da 320×50 na waya, shi ne mafi rauni. Masu aikin fasaha da yawa suna amfani da manhajar toshe talla. Idan za ku saya, ku saya a sashen da ya shafi girgije ko tsaron bayanai, kuma ku biya bisa bayyanar da aka gani. Ma'aunin da aka yarda da shi a harkar shi ne rabin allon ya fito a fuskar na'ura na daƙiƙa ɗaya aƙalla.

Ɗaukar nauyin wasiƙar imel ya fi allon shafi tasiri, musamman idan ku kaɗai ne a saman wasiƙar kuma tallan rubutu ne na layi uku ko huɗu. Ku tambayi masu talla nawa ke cikin wasiƙa ɗaya.

Rubutun da aka biya, wanda ke fitowa da kamannin maƙala, yana aiki idan ya koyar da wani abu. Labarin yadda wani asibiti ko kamfanin inshora ya kwashe sabobinsa zuwa girgije, kwana nawa aikin ya ɗauka, me ya tsaya a hanya, nawa lissafin wata ya koma, za a karanta shi har ƙarshe. Yabon kai ba a wuce sakin layi na farko. Dole ne a rubuta a samansa cewa talla ne, kuma a intanet mahaɗin da ke cikinsa ya ɗauki alamar da Google ta fito da ita a 2019 ta mahaɗin da aka biya. Mujallar da ta yi muku tayin ɓoye alamar talla, ko ta ce editanta zai yaba muku idan kuka sayi shafi, ku guje ta. Masu karatunta sun riga sun gane ta, kuma amincewar da kuka zo saye babu ita.

Sai sayen sunaye, wanda shi ne babban abin da manyan kafofin waje irin su Foundry da Informa TechTarget ke sayarwa. Kuna ba su rahoto ko jagora, su tallata wa masu karatunsu, duk wanda ya cika fom ya sauke sai su miƙo muku sunansa, ku biya kan kowane suna. Wannan na bukatar rubutacciyar ƙa'ida mai tsauri. Ku ƙayyade ƙasa, muƙami, girman kamfani da sana'a. Ku cire ɗalibai, abokan hamayya, kwastomominku na yanzu, da adireshin imel na kyauta. Ku sa iyakar mutum biyu ko uku daga kamfani ɗaya. Ku rubuta cewa kuna da kwana goma na aiki ku mayar da sunan da bai cika sharaɗi ba a musanya. Ku ce a riƙa kawo sunayen kowane mako, kada a tara su sai ƙarshen wata uku, lokacin da mutum ya manta ya taɓa sauke komai. Kuma ku tuna wanda ya sauke rahoto bai ce zai saya ba. Karatu ya zo yi.

Taron bita ta intanet yana haɗa abu biyu: kafa suna da samun sunaye. Ku tambayi alƙawarin masu rajista da kuma yawan waɗanda suka halarci taruka uku na baya, domin tsakanin rajista da halarta akwai rata mai faɗi. Minti 40 na magana da 15 na tambayoyi sun isa. Injiniya ko kwastoma ya fi jami'in kasuwanci riƙe masu sauraro.

Ɗaukar nauyin taro shi ne mafi tsada kuma mafi saurin ruɗin ido. Matakan zinariya da azurfa da tagulla sunaye ne kawai, ku duba abin da ke ƙarƙashinsu: minti nawa a kan dandamali, da wane lokaci, wurin rumfa, tikiti nawa, da jerin mahalarta. Jawabi da ƙarfe huɗu na yammacin ranar ƙarshe kujeru ake yi wa. Ga kamfanin da kasafinsa bai kai na manyan taruka irin su GITEX ko AfricaCom ba, liyafar zaman tattaunawa ta mutum 12 zuwa 15 da mujalla ke gayyatowa da sunanta ta fi rumfa amfani, muddin kun amince da jerin kamfanonin da za a gayyata tun kafin a aika takarda, kuma an rubuta mafi ƙarancin waɗanda za su zauna. Lambar yabon da sai kun sayi tebur za a ba ku, masu sayen girgije sun san yadda ake samun ta.

Mataki na shida: ciniki da takardar oda

Farashin takarda mafarin magana ne. Akwai rangwamen maimaitawa, na sau 3 da 6 da 12. Akwai kamashon kashi 15 cikin ɗari da aka saba ba kamfanonin dillancin talla, don haka ku tambaya ko farashin da aka faɗa muku ya haɗa da shi. A Nijeriya ku ƙara harajin VAT na kashi 7.5. Mujallun waje da dala ko fam ko rand suke lissafi, kuma idan za ku biya kashi-kashi cikin shekara, canjin kuɗi na iya cinye rangwamen gaba ɗaya. Ko ku biya gaba ku nemi ragi, ko ku ware wani abu a kasafi saboda shi.

Sau da yawa mujalla ta fi sauƙin ba da ƙari a kan rage farashi, domin ba ta son takardar farashinta ta karye. Ku nemi wasiƙar imel ɗaya, ko wuri mafi kyau, ko kujera a zaman tattaunawa. Daf da ranar rufe oda, shafin da bai sayu ba yakan faɗi ƙwarai, amma wanda zanensa ke shirye ne kaɗai ke cin wannan garaɓasa.

Idan ku dillalan AWS ne ko Microsoft ko Google, ku bincika asusun tallafin kasuwanci da suke ware wa abokan hulɗa. Yakan ɗauki wani kaso na kuɗin, da sharaɗin a amince da shirin kafin a fara, a kuma kawo shaidar aiki da rasidi cikin wa'adi. Wanda ya fara kashewa kafin amincewa yakan rasa kuɗin.

Lokaci ma ciniki ne. Ku ɗora jadawalin batutuwan mujallar a kan kalandar kwastoma. Bankunan Nijeriya suna rufe shekararsu a Disamba, kasafin gwamnatin tarayya ma tun 2020 daga Janairu zuwa Disamba aka tsara shi, don haka daga Satumba zuwa Nuwamba ake rubuta abin da za a kashe baɗi. Tallan da ya fito a Fabrairu ya tarar an gama rabo. Bugun da ya keɓe wa girgije ko tsaron bayanai yana jan masu karatun da suka dace, yana kuma jan duk abokan hamayyarku, don haka ku nemi a rubuta tazarar shafi huɗu aƙalla tsakaninku da su.

Duk abin da aka yi alƙawari da baki ya shiga takardar oda: ranar fitowa, girma, wuri, yawan bayyana ko sunaye, ranar biya, da wa'adin sokewa. Abu biyu ku karanta da kyau. Na farko, idan kun karɓi rangwamen sau shida kuka tsaya a na uku, mujalla za ta sake lissafa ukun da farashin sau uku ta aiko muku da cikon. Na biyu, me za a yi idan su suka gaza, ko launi ya lalace, ko bugu ya makara har taron da kuke tallatawa ya wuce, ko bayyanar ba ta cika ba. A rubuta cewa za a maimaita kyauta ko a mayar da kuɗi. Makarar bugu ita ce matsalar da ta fi addabar ƙananan mujallu, kuma mujallar da ake kira ta wata-wata tana iya fitowa sau bakwai a shekara. Ku ɗaura biyan kashi na ƙarshe a kan ganin kwafi.

Mataki na bakwai: abin da tallan zai ce

Tallan girgije sun yi kama da juna har ba a bambance su: shuɗin sama, farin gajimare, da kalmomin sauri da tsaro da sauƙi. Mai karatun mujallar sana'a tambayoyinsa a ƙirge suke. A ina bayanaina za su zauna? Da wane kuɗi zan biya? Nawa ne kuɗin fitar da bayanai idan zan tashi? Wa zai ɗaga waya da ƙarfe biyu na dare? Ku ɗauki ɗaya ku amsa a kanun tallan. Kamfanin da sabobinsa ke Legas ko Abuja kuma yake karɓar naira yana da abin faɗa, musamman ga ma'aikatun gwamnati, tunda ƙa'idojin hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, na 2013 sun tanadi a ajiye bayanan gwamnati a cikin ƙasa. Manyan kuwa cikakkun rukunan cibiyoyinsu na Afirka a Afirka ta Kudu suke: Azure tun 2019, AWS a Kef Tawun tun 2020, Google Cloud a Johannesburg tun 2024, ko da yake AWS ta buɗe ƙaramin reshe a Legas a 2023.

Kowace lamba da kuka buga za a riƙe ku da ita. Kashi 99.9 na zaman hidima ba yankewa yana nufin tsayawar kusan awa 8 da minti 46 a shekara, 99.99 kuwa kusan minti 53. Kada talla ya ce 99.99 yarjejeniya ta ce 99.5, wadda ta kusa awa 44. Idan za ku ambaci matakin Tier na Uptime Institute, wato ma'aunin juriyar cibiyar adana bayanai, ku fayyace ko shaidar zanen gini ce ko ta ginin da aka kammala, domin daban suke. ISO 27001 na tsaron bayanai da PCI DSS na tsaron katin biyan kuɗi ma ku tabbatar shaidar ta shafi hidimar da kuke tallatawa. Sunan kwastoma ko tambarinsa sai da izini a rubuce, haka tambarin AWS ko Microsoft, haka ɗauko magana daga rahoton kamfanin bincike Gartner.

Tallan da aka nufi kasuwar Nijeriya da shi sai ya bi ta kwamitin tantance talla na ARCON, hukumar kula da tallace-tallace da dokar 2022 ta kafa a madadin APCON, kafin ya fita. Ku sa kwanakin tantancewa a jadawalinku, na gaggawa ya fi tsada. Tun 1 ga Oktoba 2022 kuma hukumar ta hana amfani da fuskoki da muryoyin 'yan ƙasashen waje a irin waɗannan tallace-tallace. Wannan ya shafi masu girgije kai tsaye, domin mafi yawansu hotunan da ake saye a intanet suke ɗaukowa, ko zanen da uwar kamfani ta aiko daga waje.

Sunayen da kuka saya suna ƙarƙashin dokar Nijeriya ta kare bayanan jama'a ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita. Ku duba kalaman fom ɗin mujallar da idonku: dole ya nuna cewa za a miƙa bayanan ga mai ɗaukar nauyi, da sunanku. Tarar manyan masu riƙe bayanai tana kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Idan akwai mazauna Turai a jerin, dokarsu ta kare bayanai, GDPR, wadda ta fara aiki a 2018, ta shigo. Kamfanin da ke roƙon a ba shi amanar bayanai ba zai so a fara saninsa da saƙon da ba a nema ba.

Mataki na takwas: fayil

Na takarda: PDF/X-1a ko PDF/X-4 kamar yadda mujallar ta nema, launin CMYK, wato launuka huɗu na maɗaba'a, hotuna a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, haruffa a haɗe cikin fayil. A4 milimita 210 ne da 297, a ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, rubutu kuma ya nisanci baki da milimita 5 zuwa 10. Mujallun Amurka ba A4 ba ne, sun fi gajarta da ɗan faɗi, don haka zane ɗaya ba ya yi wa duka. Shuɗin da ke haske a kwamfuta yakan koma shunayya ko ya dushe a takarda idan an bar maɗaba'a ta juya shi daga RGB, tsarin launin fuskar kwamfuta, kuma tunda shuɗi ne launin rabin kamfanonin girgije, ku nemi gwajin bugu. Ƙananan haruffa su zama baƙi zalla, ba gamin launi huɗu ba, in ba haka ba gefensu ya yi inuwa. A shafi biyu masu fuskantar juna kada fuska ko kalma ta faɗa tsakiya inda ɗinki zai haɗiye ta. Lambar QR kada ta gaza santimita 2 a kowane gefe, a bar mata farin fili, a gwada ta a kan takarda da wayoyi biyu ko uku. Na intanet kuma allon ya tsaya a wajen kilobait 150, a gwada mahaɗinsa a waya.

Mataki na tara: aunawa da bibiya

Kowace mujalla da kowane irin talla su samu nasu mahaɗin mai alamar UTM, wadda ke nuna daga ina baƙo ya shigo, da shafi na musamman da ke ci gaba da maganar da tallan ya fara. Kai mutum shafin farko na kamfani watsar da shi ne. Fom kada ya wuce gurbi huɗu ko biyar. Na takarda a ba shi gajeren adireshi mai sauƙin bugawa. Ku ƙara tambaya ɗaya da masu sayarwa za su riƙa yi wa duk wanda ya kira: a ina kuka ji labarinmu? Yawancin waɗanda suka ga shafi a mujalla sunanku za su nema a Google bayan makonni, alƙaluma kuma su ba Google ladan.

Sunan da ya shigo a tuntuɓe shi cikin kwana biyu, da saƙon da ya ambaci abin da ya sauke da mujallar da ya gani, a kuma ba shi abu na gaba mai amfani, kamar lissafin kuɗin kaura ko gwajin kwana 30. Shirye-shirye da yawa a nan suke mutuwa: an biya dubban daloli, jerin ya kwana wata guda a akwatin mutum ɗaya. Kafin ku sa hannu a oda ku san wa zai kira, da sunaye nawa zai iya ɗauka a mako.

Ga yadda ake rufe lissafi, a misali. Sunaye 200 a kan dala 40 sun kama dala 8,000. A ce 40 sun amsa, 8 sun yarda a zauna, 2 sun sa hannu. Kowace kwangila ta ci dala 4,000. Idan kwastoma yana biyan dala 600 a wata, ribarku a ciki kashi 30, wato dala 180, sai bayan wata 22 da ɗoriya kuɗin tallan zai dawo. Idan kwastomominku kan zauna shekara huɗu ko biyar, cinikin ya yi. Idan shekara ɗaya suke yi su tashi, ko dillali ne ku mai ribar kashi 10, wannan hanyar ta fi ƙarfinku, sai ku koma wasiƙar imel da zaman tattaunawa da mujallun ƙungiyoyin sana'a.

Ku duba sakamakon sau biyu: bayan kwana 90 ku ƙirga zaman da aka samu, bayan wata tara zuwa shekara ku ƙirga kwangila. Ku fara da mujallu biyu, ku ba kowaccensu wata shida, ku riƙe kashi ɗaya bisa biyar na kasafin ba ku taɓa ba, sannan ku zuba shi a wadda ta kawo zama da mutanen da kuka rubuta a layukan nan uku.